Yadda ake tuna mutuwa tun makara ba ta zo ƙofar gida ba

Yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, bana shekara 24 ke nan. Shadda, atamfa, leshi, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Amma akwai bandir ɗaya da nake ajiyewa a can ƙasan kanta, farin alawayyo. Mai sayensa ba ya ciniki, ba ya fita da shi hasken rana ya duba, ba ya tambaya ko yana zuba. Cewa kawai zai yi, "Alhaji, namiji ne," ko "mace ce," ko ya yi ƙasa da murya ya ce "yaro ne." Ni kuma in auna, in sa almakashi, in ce Allah ya jiƙan Musulmi, in koma kan cinikina. Na shekara da shekaru ina wannan awon, ban taɓa tsayawa na ce wa raina wata rana ni za a faɗa wa wani ɗan kasuwa haka a kaina ba.

Baba ya rasu a watan Afrilun 2020, cikin kullen korona, ana gab da shiga azumi. Duk wanda yake Kano a makonnin nan ya san yadda dattawa suka riƙa tafiya. Kasuwa a rufe, ni mai sayar da likkafani na rasa likkafanin da zan sa wa mahaifina. Wani dattijo maƙwabcinmu ne ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙunshi a leda, yana ƙanshin kafur, ya miƙo mini ya ce, "Nawa ne, na daɗe da tanadarsa. Ku sa wa Malam." Da shi muka kai Baba Dandolo, can gindin Goron Dutse. Sababbin kaburbura jere, ƙasarsu ko bushewa ba ta yi ba, masu haƙa sun jiƙe sharkaf da gumi suna jiran na gaba.

Bayan nan barci ya ƙaurace mini. In na kwanta sai in ji kamar ƙasa ake zuba mini a ƙirji. Da aka buɗe kasuwa na koma, amma in na riƙe sandar awo sai zuciyata ta ce, duk wannan na mene ne? Na kai kukana wurin malamin da muke ɗaukar karatun Risala a zaurensa bayan magariba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, firgita ce ta kama ka, ita kuwa zaunar da mutum take yi. Tunawar da Annabi ya yi umarni da ita tashin mutum take yi tsaye. Akwai ta ƙafa, akwai ta hannu, akwai ta alƙalami." Abin da zan faɗa maka a nan shi ne yadda na bi waɗannan, da abin da na tarar a hanya.

Ka fara da ƙafa. Ka je makabarta ranar da ba ka rako kowa ba. Ranar jana'iza akwai jama'a, akwai gaishe-gaishe, akwai sauri, zuciya tana da wurin ɓuya. Ranar da ka je kai kaɗai babu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da ya hana ziyarar kaburbura, amma yanzu a ziyarce su, domin suna tunatar da Lahira. Ka zaɓi wadda ta fi kusa da kai, ko Dandolo ce, ko ta Ƙofar Mazugal, ko ta Tarauni, ba sai wadda naka suke ciki ba. Ni safiyar Juma'a nake zuwa, bayan gari ya waye sosai, kafin rana ta ɗaga. Na zaɓi Juma'a ne kawai don ranar ba na sammakon kasuwa. Kowace rana ta yi. Ka kashe wayarka tun daga ƙofa, kashewa ta gaske, don ko a aljihu ta yi motsi ta fitar da kai daga inda kake.

In ka shiga ka yi musu sallama: "Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin, wa inna in sha Allahu bikum lahiƙun, nas'alullaha lana wa lakumul afiya." Ka lura da tsakiyar maganar, inda kake cewa mu ma in Allah ya so masu riskarku ne. Kada ka wuce wurin da gudu. Ka kula da inda kake taka ƙafa, domin tsofaffin makabartunmu sun cika, wani kabarin ya shafe har ya zama kamar hanya. Ba a taka kabari, ba a zama a kansa. Ka sami gefe ka tsaya, ka roƙa musu gafara, Allah kake roƙo ba su ba. Sannan ka yi shiru ka duba.

Abin da nake so ka duba shi ne faɗin ramin. In ka tarar da wanda aka haƙa ana jiran mai shi, ka matsa kusa. Akwai babban baki a sama, sannan siririn rami a ciki, daidai yadda mutum zai kwanta a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla. Ni mai awo ne, idona ya saba da faɗi da tsawo, kuma ranar farko da na duba da kyau na ga ko faɗin atamfa ɗaya bai kai ba. A gefe ga itatuwan da za a jera a rufe, ga ƙasar da za a kwaɓa a liƙe kafofi. Ka tsaya minti goma ko sha biyar, ya isa. Kada ka matsa wa kanka sai ka yi kuka. Wata rana zai zo, wata rana ba zai zo ba, kuma ba shi ne ma'auni ba.

Kafin ka fita ka nemi masu haƙa ka gaishe su, ka ba su abin da ya sawwaƙa. Mutanen nan suna yi mana aikin da ba ma iya yi wa kanmu, kuma yawancinsu abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. Ka tambaye su me makabartar take buƙata. Da damina kaburbura suna ruftawa, ana neman ƙasa, ana neman shebur da baro, wani wurin katanga ce ta faɗi awaki suna shiga. In matasan unguwarku suna fita gyaran makabarta ka bi su ko sau ɗaya a shekara. Game da mata kuwa, malamai sun yi saɓani a kan ziyararsu, kuma a al'adar garin nan ba sa raka gawa, don haka 'yar'uwa ta tambayi malamin da ta amince da shi. Duk sauran abin da zan faɗa nata ne kamar yadda yake nawa.

Garin nan kansa makaranta ne in mutum yana tafiya da ido. In ka bi ta Gwammaja ga gidan Mumbayya, inda Malam Aminu Kano yake kwance tun 1983. Sarki Ado Bayero ya hau gadon sarauta a 1963, ya shekara sama da 50 yana hawan Sallah, mu da muka tashi a zamaninsa mun ɗauka kamar Dala yake, ba ya gusawa. Ranar Juma'a 6 ga Yunin 2014 aka wayi gari da rasuwarsa, kafin dare an binne shi a gidan sarki na Nasarawa a nan Kano. Allah ya jiƙansu. Duk lokacin da A Daidaita Sahu ta bi da ni ta waɗannan wurare nakan yi musu addu'a, in tuna cewa farin yadi aka naɗe su da shi su ma.

Sai ta hannu. In an yi rasuwa a unguwa, kada ka tsaya a sallar ƙofar gida ka juya. Ka bi har makabarta. Hadisi ya zo cewa wanda ya halarci jana'iza har aka yi mata salla yana da ƙiraɗi ɗaya na lada, wanda ya tsaya har aka binne yana da biyu, kowanne kamar babban dutse. Ka sa kafaɗarka a makara ko taku goma ne. Nauyin mutum a kan kafaɗa wani abu ne da ba a jin sa a wa'azi. Ka koyi sallar ma da kyau: kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada, addu'a ce ga mamaci, sai sallama. Da yawanmu muna ɗaga murya da kabbara amma tsakanin kabbarorin shiru muke yi don ba mu haddace komai ba. Ka je wurin liman ya koya maka ko gajeruwar addu'a ɗaya. A bakin kabari kuma, don Allah a bar hirar siyasa da farashin dala. Na sha ganin ana jera itace a kan mutum, a bayan sahu ana dariya ƙasa-ƙasa. In an gama, ka zuba ƙasa da hannunka sau uku, ka tsaya ka roƙa masa tabbata, don a lokacin ake tambayarsa.

In zuciyarka za ta ɗauka, ka nemi masu wankan gawa na unguwarku ka ce kana so ka koya. Da farko ruwa kawai za ka riƙa miƙawa. Za ka ga yadda ake suturta al'aura, a yi masa alwala, a fara da dama, a wanke wutiri da ruwan magarya, a sa kafur a na ƙarshe. Sharaɗin aikin shi ne riƙe baki: abin da ka gani a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin. Ranar da na fara riƙe hannun mamaci, hannun wani tela ne da na sani, har kantar almakashi tana nan a babban yatsansa. Na juya hannun yadda nake so bai hana ni ba. Da na koma gida na daɗe ina kallon nawa.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni wuya, kuma a ganina ta fi kowacce muhimmanci ga ɗan kasuwa: ta alƙalami. Baba mutumin kirki ne, amma komai a ka yake riƙewa. A wurin jana'izarsa aka yi sanarwar da aka saba, duk wanda yake bin mamaci bashi ko mamaci yake binsa ya ga iyalansa. Kafin sadakar bakwai mutum shida sun zo. Wani da takarda, wani babu. Wata tsohuwa ta aiko jikanta cewa tana da ajiya a wurin Malam, kuɗin da take tarawa na jana'izarta, mu kuwa ba mu san adadinsu ba, ba mu san inda ya sa su ba. Muka biya kowa yadda ya faɗa, domin Annabi ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Amma har yau ina tunanin wanda ya ji kunya bai zo ba.

To, ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ba takardar da za ta ɓata a aljihu ba. Ka raba shi uku. Kashin farko abin da ake bin ka: sunan mai shi, nawa ne, na mene ne, yaushe aka yi alkawarin biya. Har kuɗin mai shayi da na ɗan garuwa ka sa, ƙananan su ne ake mantawa. Kashi na biyu abin da kake bi. Kashi na uku amana: ajiyar mutane, kuɗin adashi, kayan marayu, takardar filin wani da take hannunka, kayan da aka ba ka ka sayar ba naka ba. Wannan na ukun shi ne yake cin mutane, domin in ka faɗi magada za su gan shi a cikin kayanka su raba a matsayin gado, su ci haram ba su sani ba. Duk abin da ka biya ka soke shi ka sa kwanan wata. Ni daren Alhamis nake buɗe nawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma a kasuwa sai ka ji mutum yana cewa ai rubutu rashin yarda ne.

Zamanin nan ya ƙaro wata matsalar. Kuɗin mutum suna cikin waya, asusu biyu ko uku, babu wanda ya san da su. Ka rubuta sunayen bankunan da kake hulɗa da su, da inda takardun gida da na fili suke, da wanda kuka yi tarayya da shi a kan wace dukiya da kason kowa. Lambobin sirri kada ka sa su a littafin. Abin da ake buƙata shi ne magada su san inda za su dosa. Sannan mutum biyu amintattu su san inda littafin yake.

A shafin ƙarshe sai wasiyya. Ibnu Umar ya ruwaito cewa bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Dokokinta ba su da yawa. Ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Annabi ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, har ya ce sulusin ma da yawa. Ba a yin ta ga wanda yake da rabo a gado. Kuma jerin fitar da haƙƙi shi ne: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Ka tuna da ɗan riƙo da ka raina, da jikan da ubansa ya riga ka tafiya, da yaron shagon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a wurinka, in dai gado ba zai kai gare su ba. Ka rubuta zakkar da ba ka fitar ba in akwai. Ka kai wa malami masanin gado ya duba, ka sa shaidu biyu su sa hannu.

Za ka gamu da turjiya a gida, ka shirya mata. Ranar da na nuna wa uwargidana littafin kuka ta fashe da shi, ta ce, "Alhaji, wani ciwo aka ce kana da shi kake ɓoye mini?" Na rantse mata lafiyata ƙalau. Na tuna mata halin da muka shiga bayan Baba, na ce ba na so ta fito daga takaba, wata huɗu da kwana goma, ta tarar da masu bin bashi a zaure ba ta san gaskiyar kowa ba. Ta yi shiru. Bayan mako biyu ta ce in sayo mata nata littafin, don kuɗin adashin mata 12 ne a hannunta.

Akwai bashin da ba ya shiga littafi. Ni da yayana mun shekara uku ba ma ga maciji a kan wani shago. Muna haɗuwa a biki da suna, mu gaisa sama-sama. Na san hadisin da ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ina jin sa ina kawar da kai. Saƙon da ake turawa kowa da kowa a WhatsApp gab da azumi, wai duk wanda na ɓata wa ya yafe mini, ni ma na tura shi, kuma na san bai isar ba. Wanda ka ɓata wa yana da suna, gidansa yana da ƙofa. Ka je da ƙafarka, kai kaɗai, a lokacin da ba shi da baƙi. Ka faɗi laifinka da sunansa, kada ka haɗa da nasa. In akwai haƙƙi na dukiya ka tafi da shi a hannu. Na je bayan la'asar na same shi a kan tabarma, na durƙusa na ce, "Yaya, maganar da na faɗa maka a gaban mutane ban kyauta ba, ka yafe mini." Bai ce komai ba sai da aka kira magariba, sannan ya miƙo mini buta. Wani in ka je ba zai karɓa ba. Ka koma karo na biyu, sannan ka ci gaba da gaishe shi.

Akwai kuma tunawar dare, gajeriya ce. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa, addu'ar kwanciya ma haka ta nuna: "Bismika Allahumma amutu wa ahya." Kafin ka faɗe ta, ka bi yinin da tunani daga asuba: wa na cuta, me na faɗa, wace salla na yi ta a gaggauce. Abin da yake gyaruwa gobe ka ƙudurta gyara shi, sauran ka yi istigfari. Ka karanta Tabaraka in ka iya. Da safe ka gode wa wanda ya raya ka bayan ya kashe ka, ka fita nema.

Tambayar da ta hana ni barci, duk wannan na mene ne, a cikin surar nan na ci karo da amsarta, aya ta biyu: Allah ya halicci mutuwa da rayuwa don ya jarraba mu, wane ne ya fi kyautata aiki. Malam ya ce in lura, kyau aka ambata, ba a ce yawa ba. Na duba aikina na ga sandar awo ce. Da nakan ja yadi ya miƙe sosai lokacin awo, yadda in an sake shi zai ɗan koma, abin da kowa yake yi har ba a ganinsa laifi. Na daina. Na daina rantsuwa a kan farashin sari. Yaran shagona biyu na fara koya musu lissafin kasuwa da gaske, don ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwa ukun da ba sa yankewa bayan mutuwa, tare da sadaka mai gudana da ɗa nagari mai addu'a. Na dasa darbejiya biyu a ƙofar gida, ina tuna hadisin da ya ce ko Alƙiyama ce za ta tashi, in akwai dashe a hannunka ka dasa shi. Kasuwar ita ce dai ta da, amma yanzu na san abin da nake yi a cikinta.

Sai dai ka kula da kanka. In tunanin nan ya kai ga ba ka iya cin abinci, ba ka barci makonni, ko ka fara jin gara ma ka mutu, ka dakata da zuwa makabarta kai kaɗai, ka gaya wa wani naka, ka ga likita. Annabi ya hana burin mutuwa saboda wata cuta da ta sami mutum, kuma ciwon damuwa ciwo ne da ake magani.

Na ƙarshe, in kana da hali, ka tanadi likkafaninka. Ba wajibi ba ne, amma ya halatta. Akwai sahabin da ya roƙi mayafin Annabi don ya zama likkafaninsa, kuma ya zama. Fari ake so, wutiri, uku ko biyar ko bakwai, Annabi kansa a cikin farare uku aka sa shi. Ka gaya wa mai yadi na babba ne, ya san awon. Ka sa kafur a ciki saboda asu da gara, ka naɗe a leda, ka ajiye inda iyalinka suka sani, ba a ƙasan akwatin da makullinsa yake aljihunka ba.

Ranar da aka buɗe Kwari bayan kulle, abin da na fara yankawa shi ne na dattijon nan maƙwabcinmu. Na kai masa har ɗaki, ya karɓa ya shafa ya ce Allah ya yi albarka. Washegari na yanka nawa. Wanda yake saman durowata yanzu na uku ne. Na farko an zo nema da tsakar dare, wani ɗan haya a layinmu ya rasu ba shi da kowa a gari. Na biyu wata mata ce da ta rasu wurin haihuwa, aka ƙara yadi a kai. In aka ƙwanƙwasa maka ƙofa irin haka ka miƙa, da safe ka je kasuwa a yanko maka wani.